Irin Yakuwar Iya da Mutanen Tafki

Abu na farko da na lura da shi a Manchester shi ne ba mai ɗaga kai idan ana ruwa. A Kano, da hadari ya haɗo kowa zai dubi sama, mata su kwashe shanya, yara su fito da bokitai. A nan ruwa yana zuba, mutane suna tafiyarsu kamar ba a kansu yake sauka ba.

Ina da shekara goma sha ɗaya muka zo, ni da Mama da ƙanwata Ikram tana goye. Abba ya riga mu zuwa, yana karatun digiri na uku a fannin haɗa magunguna. Sunana Sa'adatu, amma sunan mahaifiyar Mama aka sa mini, shi ya sa a gida Ummi ake ce mini. Ita kuwa mai sunan, Iya muke kiranta.

A cikin babban akwatin Mama mai ruwan bula akwai wani ƙulli da bai wuce dunƙulen hannuna ba. Tsumman tsohon zanin Iya ne, an ɗaure shi da zare, cikinsa irin yakuwa. Iya tana da lambu a bakin kogi, can bayan gari, kuma yakuwarta daban take: jan kara gare ta, ga tsami har cikin kunne. Mama ta ce da Iya za ta ba ta ƙullin cewa ta yi, “Ba duk inda kuka sauka za ki zuba ba. Ki bari sai inda kuka zauna.”

Zangonmu na farko unguwar Levenshulme ce a cikin Manchester, ɗaki ɗaya a saman wani gida da muke haɗa kicin da ɗalibai. Kafet ɗin yana warin danshi ko an share. Tagar tana kallon bayan gidaje, ba ka ganin komai sai kwandunan shara da jiƙaƙƙen bulo. Ba ƙasa ko tafin hannu. A makaranta ba wanda ya iya faɗin sunana, sai suka yanke shi suka mayar da shi Sadi, ni kuma ban gyara musu ba. Turancin da na koya a gida ban ji shi a bakin kowa ba, nasu gudu yake yi yana haɗiye ƙarshen kalma. Sai na koma kallon takalman mutane. Na san wadda takalminta ya fashe ta shafa masa baƙin biro, na san malamin da yake taka bayan nasa.

Mutum ɗaya ce ta tsaya a kan sunana, tsohuwar da ke riƙe da allon tsallakar da yara a titi. Ta ce in faɗa mata, na faɗa, ta maimaita ba daidai ba, ta ce in sake. Ranar da ta iya, ta ɗaga allonta ta kira shi da ƙarfi har direbobi suna waigowa. Kunya ta kama ni kamar in nutse, amma duk hanya ina murmushi a cikin hijabina.

Zango na biyu unguwar Whalley Range, nan dai cikin Manchester. Wani mutum ne ya tari Abba bayan sallar Juma'a da Hausa tsantsa, har da tambayar mutanen gida. Ya ce yana da filat a ƙasan wani babban gida, da ɗan fili a baya, kuma ba zai bar ɗan'uwansa da iyali a ɗaki ɗaya ba. Abba ya biya shi abin da ya nema, muka kwashe. Ranar farko Mama ta fita bayan gidan ta tsuguna, ta murza ƙasar a yatsunta ta shinshina. Na ga ta ciro ƙullin ta dube shi, sannan ta mayar.

“Tukuna,” ta ce.

Ashe ta yi daidai. Wata rana da hantsi sai ga wata mata da akwatinta da makullinta. Filat ɗinta ne. Ta tafi jinyar mahaifiyarta a wani gari, ta bar wa mutumin nan makulli don ya riƙa leƙa mata gidan. Ta fara faɗa, fuskarta ta yi ja, sai Ikram ta rarrafo ta kama mata wando. Matar ta dubi tukunyar da ke kan wuta, ta dubi littattafaina a ƙasa. Ta ce mu zauna zuwa ƙarshen wata, ita za ta kwana wurin ƙawarta. Mutumin kuwa, lambarsa ba ta sake shiga ba, ba a kuma sake ganinsa a masallacin ba.

A cikin kwanakin nan, muna ɗaure kaya, aka bugo waya aka ce Iya ta rasu. Mama ba ta samu zuwa ba. Ta zauna a kan akwatin mai ruwan bula tana karɓar gaisuwa ta waya. Bayan wasu watanni kawunnaina suka sayar da lambun, don gari ya riga ya iso har bakin kogin, kullum mutane suna ta shigowa daga ƙauyuka suna neman wurin zama. Aka turo wa Mama bidiyo. Inda kunyoyin Iya suke, an jibge bulo da yashi, an kafa turakun filoti. Yakuwar Iya a duk duniya ta rage wadda ke cikin tsumman nan.

Abba ya gama karatu ya samu aiki a Birmingham, sai muka yi zango na uku a can, a unguwar Handsworth. Gida ne siriri a cikin jerin gidaje masu kama ɗaya, amma ƙofarmu tamu ce. A babban titi akwai doya da garin rogo da busasshen kifi, akwai masu rawani da masu hula da masu dogon kitso, ba mai kallon hijabina. Na so wurin. Mama ta jera komai, sai akwatin nan ne kawai ba ta buɗe ba. Ta tura shi gindin tagar ɗakinta.

Wata Asabar da safe ina goge takalmana a matakala na ji muryar Mama daga kicin tana magana da Abba.

“Malam, ni fa na gaji. In aka yi dogon hutu zan koma da Ikram.”

“Ummi fa?”

“Ta zauna da kai. Ba zan raba ta da karatunta ba.”

“Haba Maman Ummi, yanzu da muka samu wuri?”

“Kai ka samu wuri. Ni daga taga sai taga.”

Na ci gaba da goge takalmin da ya riga ya yi ƙyalli. Ban gaya wa kowa na ji ba. Daga ranar, duk lokacin da na wuce ƙofar ɗakinta sai na leƙa akwatin.

Abba ya rasa yadda zai yi, sai ya nemo mata lambu. A ƙasar nan kansil tana da filaye da ake yankawa ƙanana a ba mutane haya su yi noma, alotmen suke ce musu. Ana daɗewa ana jira kafin a samu, amma mu nan da nan aka ba mu. Da muka je muka ga dalili. Namu ne na can ƙarshe a gangare, inda ruwan kowa yake taruwa. Na taka, takalmina ya nutse har idon sawu.

Duk da haka fuskar Mama ta ɗan saki. Cikin watan Afrilu aka yi kwanaki ana rana mai daɗi, sannan aka tafka ruwa mai ƙarfi. Washegari ta sa mu duka muka tafi. Ta tura hannu cikin ƙasa kamar yadda ake yi a gida, ta ce, “Ruwan shuka ya sauka.” Ta kwance ƙullin ta raba irin biyu, ta yi bisimilla ta shuka rabi. A wurinmu ruwa ne yake ba da izinin shuka. Ba wanda ya taɓa gaya mana akwai ƙasar da ruwa ba shi ne mai izini ba.

Mafi yawa suka ruɓe a cikin taɓo. Kaɗan suka leƙo a gefen da ya ɗan fi tudu, da ganyayyaki bibbiyu kamar kunnen ɓera. Sai wata safiya muka tashi raɓa ta daskare a kan motoci. Da muka je lambun mun tarar sun yi baƙi sun kwanta, kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Mama ba ta yi kuka ba. Ta tsaya ta dube su, ta karkaɗe hannunta.

“Ƙasar da ta ƙi irin uwata, ni me zan zauna in yi mata?”

A makon nan Abba ya saya mata tikitin komawa gida na ƙarshen Yuli. Sauran irin ya koma cikin akwati.

A daidai lokacin ne malamar tarihinmu, Mis Bel, ta fara mana darasin Aztek, mutanen da suka yi mulki a ƙasar Meziko kafin zuwan Turawan Sifen. Ta shigo da wata doguwar takarda ta manna ta a bango daga ƙofa har taga. Kwafi ne na zanen da su da kansu suka yi na tafiyarsu. Ba layin rubutu irin namu, sai hotuna, da baƙaƙen sawun ƙafa suna bin juna daga wannan wuri zuwa wancan.

Ta ce su da kansu Meshika suke kiran kansu. A labarinsu, sun taso ne daga wani tsibiri a arewa mai suna Aztlan, wanda har yau masana ba su daidaita a kan inda yake ba. Suka yi ta tafiya. In sun sauka wuri su yi shuka su girbe, su binne matattunsu, sai kuma su tashi. Tafiyar ta yi tsawon da waɗanda suka fito ba su ne suka isa ba, jikokin jikokinsu ne.

'Yan ajinmu ba wannan ne ya dame su ba. So suke a zo wurin da ake yanka mutane a ciro zuciya. Ni ma da aka zo wurin sai da tsigar jikina ta tashi, na yi a'uziyya a raina. Amma idona yana kan farkon takardar. A gaban ayarin akwai mutum huɗu, kowanne da ƙulli a bayansa, ta ƙarshensu mace ce. An zana ta ta ɗan ranƙwafa. Haka Mama ta ranƙwafa a filin jirgi, Ikram a baya, jaka a kafaɗa.

Ban san lokacin da hannuna ya ɗaga ba. Ajin ya yi tsit, don wasu ba su taɓa jin muryata ba.

“Mis, mene ne a cikin ƙullin?”

Ta ce kayan bautarsu ne, abin da suka fi ji da shi, kuma ba sa yi masa mazauni na dindindin sai inda suka tabbata nan ne gida. Na san abin da suke bauta wa ɓata ne. Amma ɗaukar da suka yi masa, wannan na gane ta.

Da suka iso kwarin da ke da manyan tafkuna, sun tarar kowane wuri mai kyau da masu shi. Birane ne a zagaye da ruwa, masu sarakuna da kasuwanni, su kuwa baƙi ne na ƙarshe da ake yi wa kallon 'yan daji. Aka kore su daga wani tudu. Wani sarki ya ba su wani fili mai duwatsu da macizai, da nufin macizan su gama da su. Da ya aika a dubo, sai aka tarar sun gasa macizan sun cinye, sun gina gidaje. Daga baya nan ma aka kore su, suka faɗa cikin tafki, suka tsaya a wani ɗan tsibiri mai taɓo da ciyayi wanda ba mai so. Suka ce a nan suka ga alamar da aka yi musu alkawari, mikiya a kan wani tsiro mai ƙaya.

Abin da ya hana ni sakat shi ne hoton da ta nuna daga baya. Ba su da ƙasar noma, sai suka yi ta da hannunsu. Su kafa turaku a cikin ruwa mara zurfi, su saƙa shinge, su yi ta kwaso taɓo da ciyayin ruwa suna jibgawa har ya taso sama da ruwa. Dogayen gadaje ne a jere, ruwa yana bi ta tsakaninsu, ana shiga da kwalekwale. Ta ce ba su suka ƙirƙiro dabarar ba, wurin maƙwabtan da suka riga su zama suka koya. A kan gadajen suka noma masara da wake da kabewa da barkono. Ta nuna wani ganye ta faɗi sunansa da Turanci, na duba da kyau, ashe alayyafo ne. Daga wannan taɓon birninsu, Tenochtitlan, ya tashi, har mutane suka riƙa kwararowa daga ko'ina suna zama a cikinsa, ya zama cikin manyan biranen duniya na zamaninsa.

Na roƙi Mis Bel ta buga mini hoton. Da yamma muna cin abinci na ba su labarin. Abba ya yi dariya a wurin macizan.

“To mu dai kada a ce mu ci dodon-koɗin lambun nan.”

Mama ba ta yi dariya ba, amma ta miƙo hannu ta karɓi takardar. Ta daɗe tana kallo, ta juya ta gefe.

“Waɗannan ai kunyoyi ne. Haka Iya take yi a gefen da kogi ke ci. Su waye kika ce?”

“Meshika.”

“Allah sarki. Ashe su ma 'yan fadama ne.” Ta ajiye takardar. “Amma su ba sanyi ne ya kashe musu shuka ba.”

Sai na tuna abin da Mis Bel ta ce, wurin maƙwabta suka koya.

Lambun da ke saman namu na wata tsohuwa ce baƙar fata mai hular saƙa, tana da ɗan ɗakin gilashi na rainon shuka. Kullum tana ɗaga mana hannu, ni kuma kullum ina sunkuyar da kai. Ranar Asabar na ce wa Abba ya raka ni in ɗauko safar hannuna da na bari a can. Ya tsaya waya a bakin ƙofa, ni na gangara. Na tsaya a shingenta har ƙafata ta gaji. Ita ta fara magana.

“'Yar nan, shingen kike gadi ko magana ce a bakinki?”

Na gaya mata komai a jere ba numfashi, har da tikitin. Sunanta Misis Wini. Daga Jamaika aka kawo ta tana yarinya kamar ni, ta tarar da iyayenta a Handsworth, ba ta sake barin unguwar ba.

“A Afrilu kuka shuka? Wayyo! Uwata ma haka ta yi shekararta ta farko, ta zauna ta yi kuka a kan bokiti. A garin nan ba ruwa ake jira ba, ruwa ai ba ya tafiya ko'ina. Sanyin safe ake jira ya wuce, sai ƙarshen Mayu. Je ki kawo mini uwarki.”

Kawo Mama ya fi tsayawa a shinge wuya. Na same ta tana ninke kayan Ikram tana sawa a akwati. Na durƙusa kusa da ita.

“Mama, a sake gwadawa.”

“Ummi, shi ke nan fa abin da ya rage. In ya mutu, na Iya ya ƙare.”

“In kin kai shi gida, a ina za ki zuba? Lambun ai an yi gini.”

Hannunta ya tsaya a kan rigar. Ban taɓa yi mata magana irin wannan ba, sai na ji tsoro. Na ƙarasa a hankali.

“Ni ba na so ki tafi ki bar ni.”

Ta gama ninke rigar, ta shafa ta, ta ajiye. Sannan ta tura hannu can ƙasan akwatin.

Da Misis Wini ta ga irin a tafin Mama sai ta yi ihu. Ta san shi. Ta ce a Jamaika jan ɓawonsa suke jiƙawa su sha lokacin Kirsimeti.

“Zoɓo,” in ji Mama. “Mu har ganyen muna miya da shi.”

“Ganyen? Ku ba kwa barin komai ke nan!”

Ranar na fara jin dariyar Mama a waje, ba a cikin gida ba. Misis Wini ta ba mu kusurwa a ɗakin gilashinta, ta kawo robobin yogot da ta tara don a shuka irin a ciki. Mama ta tsaya da ƙullin a hannu, na zaci za ta rage wani abu. Sai ta juye shi duka, har ta kaɗe tsumman.

“In za a yi, a yi.”

Kafin irin ya tsiro muka shiga aikin ƙasa. Mama ta sa wandon Abba da takalmin roba, ta ɗaura zani a kai, ta ci ɗamara. Ta ce shebur ba kayan aiki ba ne, sai Misis Wini ta ara mata tsohuwar fartanya mai nauyi. Ban taɓa sanin Mama ta iya wannan ba. A gida malamar firamare ce, da alli na san ta. Ta ja layi da diddigenta, ta haƙa lambatu mai zurfi, taɓon da ta kwaso ta jibga a tsakiya. Ni ina zuba ciyawar da muka cire, Abba yana turo takin doki a baro yana toshe hanci, ita tana rufewa da wani taɓon. Muka tare gefe da tsofaffin katakai. Da aka yi ruwa, sai ya gangaro ya bi lambatun ya kwanta, kunyoyin suna sama a tsane. Wani dattijo Bature mai kula da wurin ya zo ya tsaya, hannu a aljihu. Ya ce tun da yake nan bai taɓa ganin ƙasar wannan lungu ba, ruwa kawai yake gani.

Na tsaya a ƙarshen kunya na dubi ruwan yana ƙyalli tsakanin gadajen, ga Mama taɓo har gwiwar hannu. Kwalekwale kawai ya rage.

Ba duka irin ya fito ba, amma da yawa sun fito. Muka dasa su farkon Yuni, muka yi musu rumfar leda. Wasu irin dodon-koɗi marasa ƙoƙo suka cinye mana layi guda, Abba ya ce wannan ai macizanmu ne, Mama ta ce to ya fara gasawa. Sauran suka yi jan kara. Na murza ganye ɗaya na sa a baki, tsamin ya tafi har kunnena, sai ga Iya a idona tana zaune a kan tabarma tana tsinke ganye a faifai.

Ana saura kwanaki tafiya Mama ta yi miyar yakuwa da gyaɗa da tuwon shinkafa. Muka kai wa Misis Wini a kwano. Ta kai loma ɗaya, ta runtse ido, ta buga ƙafa a ƙasa, sannan ta ce a ƙaro. Da muka dawo Mama ta ce wa Abba, “Malam, a ɗan ɗaga tafiyar nan. Ganyen bai gama ba.”

Ɗagawa ta ce, ba fasawa ba. Akwatin yana nan a cike. Na shiga sabon aji ina leƙa shi kamar da.

Cikin Oktoba sanyi ya fara dawowa, yakuwar kuma ko fure ba ta yi ba, sai 'yan ƙananan kawuna a hammatar ganye. Misis Wini ta ce raɓar nan mai daskarewa za ta riga furen zuwa, ko a ɗakin gilashi ba za su kai ba. Idan ba fure, ba iri. Mama ta zaga kunyoyin tana taɓa kowane tsiro. Ta zaɓi biyu mafiya ƙarfi, ta haƙo su da ƙasarsu, ta sa a bokitai.

Muka shiga bas da su. Direban ya dubi ganyen da ya fi kaina tsawo ya ce su ma sai sun biya kuɗin mota, Mama ta ce yara ne, ba su kai ba. Ta rungume nata a cinya, ni na rungume nawa, ganye yana shafar fuskar wani mai rawani da ke gabanmu, shi kuma yana kaucewa yana murmushi. Daga tasha zuwa gida ta ɗora bokitin a kafaɗa, ta ɗan ranƙwafa. Ina biye da ita ina kallon sawun taɓon da takalminta yake bari a kan titi, ɗaya bayan ɗaya, har ƙofarmu.

Tagar ɗakinta ce ta fi samun rana, amma ba teburin da ya yi daidai da ita. Mama ta dudduba, sai ta jawo akwatin mai ruwan bula ta kwantar da shi. Ta buɗe, ta kwashe kayan Ikram da nata da tsarabar da ta saya wa 'yan'uwa.

“Sa waɗannan a durowa, kada ruwa ya jiƙa su.”

Ta aike ni na kwaso manyan littattafan karatun Abba, ta cika akwatin da su don kada ya lotsa. Abba ya leƙo ya ce ashe dai digirin zai yi amfani. Ta shimfiɗa leda, ta ɗora bokitan, ta juya su har ganyen ya fuskanci gilashi. Tsumman zanin Iya, wanda ta wanke ta goge, ta ninke shi ta ajiye a gefe.

“Mama, yaushe zai yi iri?”

“Sai sanyi ya yi nisa, in Allah ya yarda.”

“In ya yi fa?”

“Sai a ƙulle a jira ƙarshen Mayu. Ba ke kika jawo mana mai cewa ba ruwa ake jira ba?” Ta tsinke wani busasshen ganye ta murza shi. “Baɗi sai mun ƙara kunya ta wajen shinge. Ki tambayo mini malamarku, mutanen nan naki na tafki, ita masarar yaya suke yi da ita?”